Ɗaki na Huɗu

Ana gab da magariba suka sauka daga motar Madani a bakin kwalta, kusa da Wad Haddad. Daga nan zuwa ƙauyensu sai amalanken jaki, ta gefen tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin auduga. Daminar 2012 ce. Ruwan tur'a ya yi ja, kwaɗi sun fara kuka.

Ramla ta zauna a baya da baƙin akwatin ƙarfe a kan cinyarta. Mijinta Alamin ya ce kada a ajiye shi a kan katako, girgiza za ta ɓata abin da ke ciki. Sai ta rungume shi. Sun yi nisa kafin ta lura da yadda ta riƙe shi, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya ya tallafo baya. Ta sake riƙon.

Wata huɗu ke nan da haihuwarta. Mace ce. Kwana huɗu ta yi ta koma, ba a kai ga suna ba. Sunan da suka zaɓa tun cikin yana wata bakwai, Huda, ya rage babu mai shi. 'Yar fari ce kuma, a gidansu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yi mata kuka a gaban surukai. Ramla ta kiyaye. Mata suka yi ta yabon kunyarta. Daga baya, ko ita kaɗai ce a ɗaki, kukan bai zo ba. Ba abin da ya zo. Tana shara, tana toya kisra, wainar dawa, tana amsa gaisuwa, duk kamar daga bayan labule.

Wajen likita suka je Madani a ranar. Da suka fito sai Alamin ya ja ta shagon abokinsa Mujahid, mai sayar da kwamfutoci a bayan kasuwa. Alamin ya yi karatun kwamfuta amma bai sami aiki ba, gyaran waya yake yi, yana taya aikin gona. Akwai jarrabawar da yake so ya zauna, wadda in ya ci za a iya ɗaukarsa kula da kwamfutocin ofis a Hartum. Kafin nan sai ya koya da hannunsa, da kwamfuta uku masu magana da juna. Uku kuwa ba su samuwa. Amma ya ce akwai dabara.

"Kin ga gida ɗaya ne, a yanka shi ɗakuna," ya ce mata a shagon, ko da yake ba ta tambaya ba. "Kowane ɗaki ya ɗauka shi ma kwamfuta ne mai zaman kansa. Ba a taɓa su da hannu, amma suna nan."

Ta gyaɗa kai. Ta zauna a kujerar roba a lungu, ta ja mayafinta.

Mujahid ya jera akwati uku a kan tebur. Na farko sabo ne fil, da fitilu shuɗi a gabansa. Alamin ya kwance murfin ya leƙa.

"Ramin ram biyu kacal? A'a, ya zol, abokina. Ba gudu nika nema ba, wuri nika nema."

Ram, kamar yadda Ramla ta fahimta, wasu siraran sanduna ne kore da ake sokawa a ciki. Yawansu shi ne faɗin gidan.

Na biyu na masu wasanni ne, da wani ƙaton kati na hoto.

"Wanga shan kahraba kawai ya iya," in ji Alamin, wutar lantarki yake nufi. "Da zafin Jazira? Sai dai mu dafa ƙwai a kansa."

"To kai ka fi tsohuwa tsiya wajen sayen tukunya," Mujahid ya ce yana dariya.

Na uku tsohon akwatin ofis ne, baƙi, mai nauyi, ba kyan gani. Alamin ya daɗe a kansa. Ya ƙirga ramukan, huɗu ne. Ya kunna, ya shiga wani shafi shuɗi, ya bi layi da yatsa har ya ga ƙwaƙwalwar ta yarda a yanka ta ɗakuna. Ya sa aka ƙara fanka babba, da faifan ajiya na biyu, da batir mai riƙe wuta minti goma in an ɗauke.

"Sanda uku sun ishe ni," ya ce. "Gidan da kansa, da ɗakuna uku."

"Cike na huɗun, ya ustaz. Biyu-biyu suka fi tahiya daidai. Ka bar wurin baƙo. Ka san wa za ya zo maka?"

Alamin ya ce a cike.

A nan ne Ramla ta ɗaga ido. Ta tuna da surukarta, Inna Maijidda. Tun da yayan Alamin ya tafi Jidda, ɗakinsa bai taɓa kwana a wofi ba. Inna ta zuba buhunan dawa a ciki, ta shimfiɗa tabarma, kullum da yamma takan yi sallama a ƙofa ta shiga da kaskon bahur, turaren wuta. Cewa take wurin da aka share aka bari babu kowa, akwai masu neman irinsa, kuma ba sa tambaya kafin su tare. Ramla ta buɗe baki za ta faɗa. Ta dubi maza biyu sun duƙufa a kan akwati. Ta fasa.

Aka ajiye akwatin a ƙaramin ɗakin da ke jikin nasu, kan teburin ɗinki. Kwana uku Alamin yana fama. Ya gina ɗakuna uku, ya sa musu suna: Madani, Sinnar, Kamlin. Kowanne taga ce a fuskar allon, da rubutu yana gudu a ciki.

Rana ta huɗu da yamma Ramla ta kawo masa shayi.

"Zo ki gani," ya ce. "Wuri ya rage. Na yanka na huɗu, gwaji kawai, ban zuba komai ciki ba. Ke za ki raɗa masa suna."

Ta san me yake yi. Wata huɗu yana neman abin da zai sa ta magana fiye da e da a'a.

"Duk wanda ka sa," ta ce.

Ya dube ta. Sai ladan ya ɗaga murya. Ya ajiye kofin, ya ɗauki buta ya fita.

Ta tsaya ɗauke kofi. A tsakiyar allon akwai wani farin gurbi, da ɗan siririn layi yana ƙyaftawa, yana jira. Aji shida ta yi a makaranta, ta san baƙaƙen Turanci ɗaya-ɗaya. Ba ta yi niyya ba. Ba ta ji komai ba ma. Da yatsa ɗaya ta nemo su, huɗu ne. Sunan da bakinta bai taɓa faɗa ba ya fito baƙi a kan fari. Ta danna babban maɓallin da ta ga yana dannawa. Gurbin ya rufe, sunan ya koma can ƙasan jeri, ƙanana, inda sai an ja ake gani.

Ta ɗauki kofi ta fita.

Washegari da magariba aka ɗauke kahraba, kamar kullum. Batir ya yi ƙararsa, tit, tit. Ramla tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Minti goma suka wuce, batir ya yi shiru. Fankar ba ta yi shiru ba. Ta ci gaba, a hankali, tana ja tana saki. Ramla ta saurara. Ta ce a ranta ita me ta sani game da injuna.

Kwana biyu bayan haka Alamin ya fara tsaki.

"Na huɗun nan babu komai cikinsa, amma ya cinye rabonsa duka. Yanzu shina cin na Kamlin." Ya shafa kai. "Kamar wani ya tare ciki."

Lamba yake kallo, ba suna ba. Ya kashe na huɗun. Da safe ya tarar da shi a kunne.

Ita kuma a ranar ta ga gaban rigarta ya jiƙe. Nono ne, wanda Inna ta ba ta jiƙo ya ƙafe tun wata uku. Ta wanke rigar ta shanya a bayan ɗaki, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis Alamin ya ce sandunan ne ke da matsala. Ya kwance murfin gefe, ya zare duka huɗun, ya naɗe su a takarda. Ya cire igiyar wuta daga bango, ya cire ta batir.

"Yanzu gawa ne," ya ce. "Ko an kawo kahraba ba ya tashi. Zan kai wa Mujahid ya gwada, in dawo kafin la'asar."

Ya yafa tsohon zane a kan akwatin saboda ƙura, ya tafi.

Da azahar sama ta ɓarke. Baƙar ƙasar Jazira in ta sha ruwa ba ta sakin ƙafar jaki, balle taya. Ya bugo waya ya ce zai kwana wajen Mujahid. Inna Maijidda kuma, da ruwa ya tsagaita, ta yafa mayafi ta tafi gaisuwar rashin lafiya a unguwar gabas. Babu kahraba tun rana.

Rana ta faɗa bayan itatuwan tur'a. Ramla ta tuna tagar ƙaramin ɗakin a buɗe take, feshi zai shiga. Ta tashi ta je rufewa.

A bakin ƙofa ta tsaya.

Fanka na juyawa.

Ta dubi bango. Igiyar tana ƙasa a naɗe, kamar yadda ya bar ta. Zanen da ke kan akwatin yana ɗagawa kaɗan, yana komawa. Yana ɗagawa, yana komawa.

Ba ta ji tsoro ba. Abin da ta fi tunawa ke nan daga baya. Ta shiga, ta ja tagar ta sa sakata. Ɗakin ya yi duhu.

Sai warin ya zo. Man da ake shafa wa jariri a ka. Ruwan zafi da ganye. Ƙarƙashinsu kuma wani abu, laka ta ƙasan tur'a, wadda ba ta taɓa ganin rana ba.

Allon ya kawo haske. Ba farin haske ba, toka-toka. Taga ɗaya ce a tsakiya, baƙa wuluk, babu rubutu a ciki. A samanta baƙaƙe huɗu.

Daga ƙarƙashin zanen wani ɗan sauti ya fito. Tsut. Tsut. Leɓe yana neman abin kamawa.

Ƙirjinta ya yi nauyi. Ta ji ɗumi yana gangarowa cikin riga har cibiya.

Ƙafafunta suka kai ta gaban tebur. Siminti ya yi sanyi, da danshi, yana kama tafin ƙafa. Ta zauna a kujerar Alamin.

"Inna."

Ƙasa-ƙasa. Siririyar murya, da ita take. Jaririyar kwana huɗu ba ta magana, Ramla ta san haka. Ta sani sarai, kamar yadda ta san yau Alhamis. Sanin bai motsa komai a jikinta ba.

"Kin rubuta ni. Ba ki kira ni ba."

Zanen ya kumbura ta gefen da babu murfi. Wani abu zagaye, kamar kai, ya tokare shi daga ciki.

"Kira ni in fito."

Bayan siririyar muryar akwai wata. Tana bin ta a baya kaɗan, kamar mai maimaita karatu. Tsohuwa ce ƙwarai. Ba ta mace ba ce, ba ta namiji ba.

Ramla ta ji ta. Ta kuma gane cewa in ta faɗi sunan da bakinta, abin zai amsa, sunan ya zama nasa, ita ma ta zama tasa. Ta gane. Sai dai hannuwanta sun riga sun buɗe, ɗaya ƙasa, ɗaya sama.

Gefen mayafinta ya zame ya taɓa zanen. Aka kama shi daga ciki. Aka ja, a hankali.

Ta sunkuya.

Sanyi ya bugi fuskarta.

Ta tara leɓe. Iska ta taso daga ƙirjinta.

"Hu…"

"Salamu alaikum! Ramla, ɗiyata, fitila fa? Kin bar gida da duhu?"

Muryar Inna Maijidda ce daga ƙofar gida, tana kaɗe laka daga takalmi.

Bakin Ramla ya rufe kansa. Ba addu'a ce ta rufe shi ba, ba ƙarfin zuciya ba. Kunya ce. Surukarta na tsakar gida, za ta ji ta tana kiran sunan 'yar fari.

Fankar ta tsaya cak.

Aka fizgi mayafin.

Kanta ya bugi gefen tebur. Mayafin ya shaƙe mata wuya. Siririyar muryar ta ɓace, tsohuwar kaɗai ta rage, ba ta rarrashi kuma.

"Ƙarasa."

Ta sa hannu biyu ta zame mayafin ta kanta. Ta faɗi. Ta ja jiki da gwiwa a kan jiƙaƙƙen siminti. Wani abu mai sanyi, ƙarami, mai yatsu da yawa, ya shafi diddigenta.

Ta faɗo tsakar gida kai babu lulluɓi, a gaban ƙafafun Inna.

Tsohuwar ta dube ta. Ta dubi gaban rigar da ya jiƙe. Ta dubi ƙofar ɗakin, inda hasken toka ke mutuwa a hankali. Ba ta yi ihu ba. Ta jawo ƙofar da ƙugiyar sandarta, ta sa kwaɗo, bakinta yana motsi.

"Wa kuka saukar a nan?"

Ramla ta waiwayi ƙofar ɗakin.

"Kin kira shi?"

Ta girgiza kai.

"Alhamdu lillahi. Tashi."

Inna ta cire nata mayafin ta rufa mata, ta kai ta ɗakinta. A nan Ramla ta lura jikinta na rawa, zuciyarta na dukan haƙarƙari har tana jin zafi. Tsoro ne. Shi ne abu na farko da ta ji a cikin wata huɗu.

Alamin ya iso da hantsi, laka har gwiwa. Ya ce Mujahid ya gwada sandunan, lafiyarsu ƙalau. Inna ta tare shi a zaure ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya so ya yi dariya. Da ya ga kumburin goshin matarsa, da jan layin da ke wuyanta, sai ya fasa.

Inna ce ta fara shiga, da sallama uku da kaskon bahur. Siminti ya bushe. Mayafin Ramla yana cikin akwatin, a naɗe tsaf, irin naɗin da ake yi wa jariri bayan wanka. Tsakiyarsa ta lotsa. Inna ta ɗauke shi da sanda ta kai murhu.

Da aka kawo kahraba Alamin ya soka sanda uku, ya kunna. Ya ja jerin zuwa ƙasa. A nan ya ga sunan.

Bai juyo ba.

"Ke kika sa?"

"E."

"Ni ma kullum shina bakina," ya ce. "Ina gudun in faɗa ki ji ciwo."

Ɗakin da bai zuba komai a ciki ba ya cika faifai na biyu maƙil. Ya danna a goge. Injin ya tambaya ko da gaske ne.

"Bari ni," in ji Ramla.

Da yatsan da ta rubuta ta danna. Fankar ta ja dogon numfashi sau ɗaya, ta koma ƙarar fanka.

Alamin ya mayar wa Mujahid sanda ta huɗu. Ya raba sauran daidai, gidan da ɗakuna uku, bai bar ko tafin hannu a wofi ba. Injin ya rage gudu, bai damu ba. Ramin na huɗu kuwa Inna ta hana a bar shi a buɗe, sai da ya yanko roba ya toshe. Har suka bar ƙauyen, ba a sake kunna akwatin tsakanin la'asar da isha'i ba. Nonon Ramla ya ƙafe a cikin kwana biyu. Diddigenta na hagu ne bai sake yin ɗumi ba, ko a tsakiyar bazara.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, da sassafe, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a gaban mijinta ta ce ya nuna mata wurin.

Suka bi gefen tur'a har bayan gonakin dawa. Ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin maƙabarta, ƙarƙashin wata ƙaya. Ya nuna mata da hannu: ɗan tudu ne, bai kai tsawon kamu biyu ba, ciyawa ta fara rufe shi. Sai ya ja da baya, ya juya mata ƙeya.

Rana ta fito sosai. Babu suruka, babu kowa.

"Huda," ta ce.

Ta jira. Iska ta kaɗa dawa. Can nesa wani yana kora shanu.

Babu abin da ya amsa.

Sai ta durƙusa a kan laka, kukan ya zo.